Kafin a sayar da ragunan Inna saboda CCNA

Satin da ya wuce na kwana biyu a gida, Matankari. Bayan sallar isha'i ina zaune bisa tabarma, sai innata, ƙanwar mahaifiyata, ta jawo kujera kusa da ni ta ce: "Ɗana, wai mi ne ne wanga abu da ƙanenka ya dame ni da shi, se-se-en-a? Ya ce sai ya biya dala ɗari uku. Na ce mishi in dai dala ɗari uku ce, ai jika da rabi ke nan, ya zo ya amsa. Sai yaron ya yi ta dariya."

Dole na yi mata bayani cewa dalar da yake nufi ta Amurka ce, ba dalarmu ta kasuwa mai tamma biyar ba. Dala 300 ta Amurka a kuɗinmu tana kaiwa tsakanin jika 170 da jika 185, gwargwadon canjin ranar. Inna ta yi shiru. Ta juya ta dubi turken da ragunanta biyu ke ɗaure, waɗanda take kiwo don Layya, ta ce: "To, su ke nan."

Na roƙe ta kada ta sayar tukuna. Ƙanen nawa ya ji haushina ƙwarai, har ya ce ni da nake ta surutu a shafin nan kan ilimin matasa ni ne kuma na tare masa hanya. Na san ba shi kaɗai ba ne zai yi mini wannan fassara, shi ya sa nake son in faɗi dalilina a bainar jama'a. Akwai irinsa da yawa daga Dogondutsi har Tibiri, yara masu kai, sun gama lisans ko suna kan yi, sun ji an ce wannan takarda ita ce mabuɗin aiki, sun tayar wa iyaye hankali.

Ga wanda bai sani ba, CCNA takardar shaida ce da kamfanin Cisco na Amurka ke bayarwa ga wanda ya ci jarrabawarsa a kan haɗa kwamfutoci su yi magana da juna, abin da mu nan muke ce wa rezo. Jarrabawar da ake yi yanzu lambarta 200-301, ta fara aiki a watan Fabrairun 2020, an sabunta ta a watan Agustan 2024. Minti 120 ake ba mutum. Ana tambaya a kan tushen rezo, da yadda ake haɗa na'urori a cikin gida ɗaya ta suwic, da yadda saƙo ke tsallakawa daga wannan rezo zuwa wancan ta rawuta, da rabon adireshi, da tsaro, da kuma ɗan abin da ya shafi sarrafa na'urori ta hanyar shirin kwamfuta. Ɓangaren rawuta shi ya fi nauyi, kashi 25 cikin ɗari na makin gaba ɗaya. Takarda ce mai daraja, ban musa ba. Duk wanda ke duba sanarwar neman ma'aikata a Yamai ya sha ganin sunanta.

Amma mu yi lissafi irin na gidajenmu. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne. Ke nan kuɗin zama jarrabawar sau ɗaya ya fi albashin wata huɗu na ƙaramin ma'aikaci, wanda bai ci ba bai sha ba. Ba a haɗa kuɗin mota ba, ga shi daga Dutsi zuwa Yamai kusan kilomita 280 ne, kuma cibiyoyin da kamfanin Pearson VUE ya amince su zaunar da mutane a manyan birane suke. Ba a haɗa masauki ba. Ba a haɗa wahalar neman wanda ke da katin banki da ke biya a waje ba. In ka faɗi, babu ragi, babu "a yi haƙuri": ka jira ƴan kwanaki, ka sake biyan dala 300. In ka ci, bayan shekara uku takardar ta mutu sai an sabunta ta. Sannan ga wanda mutane da yawa ba su sani ba sai sun kusa: jarrabawar da Ingilishi ake yinta, ko da Japananci. Babu Faransanci. Yaron da ya yi lakkwal tun daga aji ɗaya har jami'a da Faransanci, ranar da zai ajiye ragunan uwarsa bisa teburi, da wani harshe za a tambaye shi.

Wani zai ce ai tun 2020 ana iya yinta daga gida ta intanet. Gaskiya ne an buɗe wannan hanya. Sharaɗinta dai: ɗaki a rufe, kai kaɗai, kyamara a kunne, intanet da ba ya yankewa har awa biyu, kada wani ya shigo, kada a ji murya. Ku da kuka san gidajenmu, ku nuna mini ɗakin da za a yi awa biyu yaro bai leƙo ba, akuya ba ta yi kuka ba, kuran bai ɗauke ba.

Duk wannan bai isa ya sa in hana a sayar da raguna ba. Iyayenmu sun sayar da abin da ya fi raguna don mu yi karatu. Abin da ya sa na tsaya kai da fata shi ne abin da na gani a salularsa.

Na ce ya nuna mini da me yake shiri. Sai ya buɗe mini wani dogon fayil da aka turo a wani zauren WhatsApp, tambayoyi ɗaruruwa, kowace da amsarta a ƙasa. Masu harkar suna ce masa "damp". Tambayoyin jarrabawa ne da wasu suka sato ko suka tuno bayan sun fito, aka tattara ana rabawa, wani lokaci ma ana sayarwa. Wata uku yana haddarsu. Da na karanta masa farkon wata tambaya, kafin in kai ƙarshe ya ce "C". Na duba, C ce. Na karanta wata, ya ce "A da D". Haka ne. Sai na kife wayar, na ɗauki tsinke na rubuta a ƙasa: 192.168.10.0/24. Na ce, ga wannan an ba ka. Akwai asibiti, akwai lakkwal, akwai ma'aikatar magajin gari, akwai gidan rediyo. Raba musu, kowa da nasa rezo, ka faɗa mini inda na kowa ya fara da inda ya ƙare.

Ya dubi ƙasa, ya dube ni. Ya ce irin wannan ba ta cikin fayil ɗin.

Ƴan uwa, wannan lissafi shi ne baƙaƙen farko na wannan ilimi, kamar alif da ba. Kuma wallahi bai fi ƙarfin kowa ba, bari ma in gwada a nan. Adireshin IPv4 bit 32 ne, wato gurabe 32 da kowane ke ɗaukar sifili ko ɗaya. Wannan /24 da ke ƙarshe yana nufin gurabe 24 na farko an ƙulle su, su ne sunan unguwa, ba a taɓa su. Saura 8 naka ne. Biyu sau biyu har sau takwas, 256 ke nan, daga 0 zuwa 255. Ɗauke ta kamar gonar gado da magada huɗu. Don ka sami kashi huɗu sai ka ari gurabe biyu daga cikin takwas ɗin, /24 ta koma /26, kowane kashi ya tashi da 64. Na asibiti daga 0 zuwa 63. Na lakkwal daga 64 zuwa 127. Na magajin gari daga 128 zuwa 191. Na rediyo daga 192 zuwa 255. A kowane kashi, lambar farko da ta ƙarshe ba a ba kowa, ta farko sunan rezon ce, ta ƙarshe ta shela ce ga kowa da kowa. Kamar gambar da ake bari a kan iyaka, tana cikin gonarka amma ba ka shuka a kanta. Saura 62, su ne za ka raba wa kwamfutoci. Shi ke nan fa.

Na yi masa wannan bayani a ƙasa da tsinke, da Hausa, bai kai rabin awa ba. Na ba shi wata ya raba takwas, ya yi kuskure sau ɗaya, ya gyara da kansa. Inna da ke gefe tana tsinkar yakuwa ta ce, "To ai wannan rabon gado ne, mi ne ne abin wuya?" Wata uku yaro ya ɓata yana haddar C da D, abin da ke ƙarƙashinsu kuwa rabin awa ya ishe shi ya kama bakin zaren.

Haka suwic da rawuta. Suwic mai unguwa ne: ya san kowane gida da ƙofarsa, in saƙo ya zo na wane, kai tsaye zai miƙa shi ƙofar wane. In ya ga sunan da bai sani ba, sai ya yi cigiya a kowace ƙofa, wanda ya amsa ya rubuta shi a littafinsa. In kana son a gida ɗaya a raba zaure da cikin gida, kada baƙin da ke zaure su ji abin da ake faɗi a ciki, wannan shi ne VLAN. Rawuta kuwa ɗan kamashon tasha ne. Bai san gidan kowa a Maraɗi ba, kuma bai damu ya sani ba. Abin da ya sani, kayan Maraɗi motar Kwanni za a sa su, kayan Gaya a bi da su ta Dosso. In damina ta yi ƙarfi ruwa ya cinye hanya a cikin Dallol Mawri, ƴan kamasho su sanar da juna, kowa ya sake lissafi ya fitar da wata hanya mafi sauƙi. Wannan sanar da juna da sake lissafi shi ne aikin OSPF. Ban ce da wannan misali mutum zai ci jarrabawa ba, akwai zurfi sosai a gaba, sai an zauna an sha wuya. Amma wanda ya shiga da wannan hoto a kansa, duk umarnin da ya buga ya san abin da yake nema.

Mai haddar damp yana cikin haɗari iri biyu. Na kusa shi ne ya faɗi: ana canza tambayoyi, akwai waɗanda za a buɗe maka na'ura a allo a ce ka saita ta da hannunka, kuma in ka wuce tambaya ba ka komawa baya. Ban da haka, yarjejeniyar da kowa ke sa wa hannu kafin ya fara ta haramta amfani da tambayoyin sata, in an gane ana iya soke sakamakon. Na nesa ya fi muni, shi ne ya ci. Na taɓa zama a wani ofis a Yamai ranar da rezonsu ya tsaya. Akwai matashi da aka ɗauka saboda takardarsa, tana ma rataye a bango cikin gilashi. Tun safe har azahar yana kashe na'ura yana kunnawa. Daga ƙarshe aka kira wani mai gyara daga waje, wanda ko bak bai da ita, ya zauna minti kaɗan ya gano cewa na'urori biyu ne ke rabon adireshi a rezo ɗaya suna karo da juna. Ya cire waya ɗaya, komi ya dawo. Abin da ya fi ba ni tausayi, matashin ba malalaci ba ne. An nuna masa gajeriyar hanya ya bi, ta kai shi inda kunya take jiransa. Kuma daga ranar, a wannan ofis, duk wanda ya zo da irin takardar sai an yi masa kallon shakka, har wanda ya sha wuya ya same ta da gaskiya.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu a matsayin ƙungiya. Tun Yulin 2023 babu kalmar da ta fi yawo a bakinmu kamar ƴancin kai. Muna faɗinta a taro, muna rubuta ta a kwalaye. Mu ƴan Arewa ma har muna ƙarawa da tunatar da mutane cewa a Lugu, nan kusa da mu, Sarauniya ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Voulet da Chanoine a 1899. To madalla. Amma ƙasar da in rezon asibitinta ko na baitulmalinta ya lalace sai ta jira wani ya sauko daga jirgi, ina ƴancin nata a wannan fanni? An shimfiɗa wayar fibar a ƙasa. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 a 2020 don shirin kai sadarwa ƙauyuka. Starlink ya shigo a 2025, kwanonsa sun fara bayyana bisa rufin gidaje. Duk waɗannan kaya ne. Kaya kuwa sai da mai saita su, mai gane ciwonsu in sun kwanta, kuma a kusa, ba wanda za a yi wa kuɗin mota daga Yamai don ya zo Matankari ya cire waya ɗaya ba.

Har adireshin da muka raba da tsinke yana da siyasarsa. IPv4 gaba ɗaya adireshi wajen biliyan 4.3 ne, kuma babbar ma'ajiyar duniya ta raba na ƙarshe a Fabrairun 2011. Shi ya sa aka fito da IPv6 mai bit 128, shi ya sa kuma yake cikin jarrabawar. Rabon na Afirka yana hannun wata hukuma, AFRINIC, da ke tsibirin Moris, wadda ta yi shekaru tana fama da shari'o'i har kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023. Mu nawa ne cikin masu ihun ƴancin kai muka san da wannan? Ni kaina sai da na fara wannan karatu na ji labarin.

Na san abin da wasu abokan gwagwarmaya za su ce, don an faɗa mini a fuska: kana maganar ƴanci, kana kuma tura yara su kai wa kamfanin Amurka dala 300 duk shekara uku. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce ma ta sa nake cewa a bambanta abu biyu. Takardar ta Cisco ce. Ilimin da ke cikinta, mafi yawansa ba na kowa ba ne. Ƙa'idojin IP da OSPF a buɗe suke, an wallafa su kyauta, kowa na iya karantawa ya yi aiki da su. Rabon da na yi a ƙasa haka yake a na'urar Huawei, haka yake a MikroTik, haka yake a tsohuwar kwamfuta mai Linux. Huawei na da tata takardar, HCIA. MikroTik na da MTCNA. Akwai Network+ ta CompTIA da ba ta jingina da kayan kamfani ɗaya ba. Wanda ya iya aikin, ranar da wani mai ɗaukar ma'aikata ya ce sai da takarda kaza, ya je ya zauna ya ci, wataƙila ma da kuɗin da aikin ya kawo masa. A ganina haka tsarin ya kamata ya kasance a gidan talaka: a fara da hannu, takarda ta biyo baya lokacin da aka ga ƙofar da za ta buɗe.

Kuma fara da hannun ba ya cin raguna. Cisco ɗin kansa yana da makaranta ta intanet tun 1997, Networking Academy, darussanta na CCNA akwai su da Faransanci, kuma manhajarsa ta gwaji, Packet Tracer, kyauta ce ga wanda ya yi rajista. A cikinta za ka jera rawuta da suwic a allo, ka ja waya, ka buga umarni, ka ɓata, ka gyara, babu abin da zai ƙone. Ba ta buƙatar babbar kwamfuta. Ga kuma wani ɗakin gwaji da muke wucewa kullum ba mu gani: wifi zon. Waɗannan masu sayar da tikitin intanet a unguwa, yawancinsu da ƙaramar na'urar MikroTik suke aiki, kuma a cikinta akwai rabon adireshi, akwai iyakance gudu, akwai katangar tsaro, duk abin da littafi ke faɗi. Yawancin masu su wani ne ya saita musu ya tafi, in ta rikice sai kira. Matashin da ya je ya ce wa mai wifi zon, "Yaya, bar ni in riƙa duba maka, ba sai ka biya ni ba tukuna", cikin wata shida zai san abin da mai damp ba zai sani ba ko ya haddace tambaya dubu.

Ingilishin kuma kada a mai da shi dodo. Ingilishin jarrabawar nan ba na hira ba ne, kalmomi ne ƙididdigaggu da ke ta maimaituwa, kuma umarnin da ake buga wa na'ura dama da shi ake bugawa ko a Faransa. Mu da ke da dangi a Sakkwato da Birnin Kabi, muke jin ƴan uwanmu na can suna wannan karatu da Ingilishi suna bayyana wa juna da Hausa, mun fi kowa damar cin moriyar iyakar nan. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. To ga wurin da za a gwada ko maganar ta wuce takarda: a fahimta da Hausa, a karanta da Faransanci in shi ya fi sauƙi, a amsa da Ingilishi. Ina kira ga duk ɗan yankin nan da ya riga ya ƙware, ko yana Yamai ko Kwatano ko Faransa, ya ɗauki salularsa ya yi mana bayanin darasi ɗaya da Hausa, minti goma, ya turo. Ba sai da sitidiyo ba.

Abin da ya fi ƙarfin yaro shi kaɗai shi ne kuran da wurin zama. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu saboda takunkumin CEDEAO, aka yi watanni ana rabon duhu har bayan ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Ko ba takunkumi, wanda ya yi bazara a Dutsi ya san yadda kuran ke wasan ɓuya daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Kwamfutar da batirinta ya mutu, kamar yadda na yawancin ɗalibanmu yake, da an ɗauke wuta aikin awa biyu ya tafi. A nan ne nake ganin haƙƙi ya hau kan hukumomin kwamin da ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke birane. Ɗaki ɗaya muke nema a Matankari, ɗaya a Dutsi, ɗaya a Tibiri. Fanon hasken rana da batir da za su riƙe kwamfuta goma. Tsofaffin suwic biyu ko uku, irin waɗanda ofisoshi da ƙungiyoyin agaji ke jibgewa a sito in sun sayi sababbi. Wayar rezo da abin matse kanta. Kuɗin wannan duka bai kai abin da ake kashewa a taron bita guda ɗaya mai kwana uku a otal ba, irin wanda ake tashi da jaka da biro da hoton rukuni. Na halarci irinsu, ni ma na amshi jakar, shi ya sa nake faɗi ba tsoro.

Jami'ar Dosso, da aka kafa a 2014 aka kuma ba ta fannin fasahar zamani, a jiharmu take. Ɗalibanta ƴan Arewa suna dawowa gida hutu su yi wata biyu ko uku suna shan shayi a fada. In akwai ɗaki, ga malamai nan kyauta, su ma kuma koyarwar za ta zaunar musu da abin da suka karanta.

In an buɗe ɗakin, a ware wa ƴan mata lokacinsu da rana, a rubuce, tun ranar farko. In ba haka ba mun san yadda za ta kaya: samari za su cika shi daga la'asar har tsakar dare, yarinyar da ta fi su kai a lissafi kuma ba za a bar ta ta fita bayan magariba ba. Ƙanwar yaron nan da nake ba ku labari, tana aji na ƙarshe a lise, tana tsaye a bayanmu lokacin da nake zane a ƙasa. Da na ba shi ta raba takwas, ita ta riga shi cewa 32.

Akwai masu cewa duk wanda ya ƙware gudu zai yi, mu yi wahala wasu su mora. Wasu za su tafi, babu shakka. Yanzu ma ai suna tafiya, sai dai da hannu wofi, su ƙare a turin baro a Legas ko aikin gini a Aljeriya. In goma suka koya shida suka tafi, huɗun da suka rage sun fi sifilin da muke da shi yau, kuma shidan ba tura baro za su je yi ba.

Ga yadda muka rabu da ƙanena. Ragunan suna nan a turkensu. Na ba shi aron tsohuwar kwamfutata, na sa masa Packet Tracer, na sa ya goge fayil ɗin a gabana, ko da yake na san yana iya sake samo shi cikin minti ɗaya, wannan tsakaninsa da Allah. Sharaɗin da muka yi a gaban Inna shi ne: ranar da ya haɗa mini rawuta uku da suwic biyu a allo, ya raba adireshi da kansa ba tare da duba takarda ba, ya sa OSPF ta yi aiki, ni kuma na juya masa baya na ɓata abu uku a ciki ya gano su duka cikin awa ɗaya, ranar zan sa jika hamsin daga aljihuna, in kuma bi ƴan uwa gida gida a cika sauran. Inna ta ce in an kai nan, rago ɗaya ta yarda, ɗayan na Layya ne ko da se-se-en-a za ta zo da kanta ta roƙa.

Shekaranjiya ya turo mini hoton allonsa da dare. Rawuta biyu sun ga juna, ta ukun ta ƙi. Ya tambaye ni mene ne matsalar. Na ga inda take, a maskin waya ta biyu ya sa /25 a gefe ɗaya, /26 a ɗayan. Ban faɗa masa ba, na ce ya sake dubawa.